Gargaɗi: masu kira da sunan banki suna kwashe kuɗin fanshon iyayenmu

Naira 640,000 aka kwashe daga asusun wani dattijo a unguwarmu, yana riƙe da waya a kunnensa. Kuɗin fansho ne da ɗan abin da 'ya'yansa suka haɗa masa na magani. Dubu ɗari shida da arba'in! Kuma kada wanda ya zo yana cewa sakaci ne. Mutumin da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ko sisi ba ya bayarwa sai ya ga rasit.

Yaron da ya kira shi ya yi sallama, ya ce, "Baba ina wuni, daga banki ne." Ya faɗi cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, ya karanto lambobin BVN ɗinsa 11 ba kuskure. Wa zai yi zargi? A nan Baba ya saki jiki, a kan lambobin nan 11. Yaron ya ce za a rufe asusun idan ba a haɗa shi da NIN ba, ga shi dama tun Disamba 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarni irin wannan, tsofaffi sun ji a rediyo.

Sai ya nemi lambobin gaban katin ATM, da ranar ƙarewarsa, da ukun nan na baya. Saƙo ya shigo da lambobi shida. "Baba, karanto min mu gama." OTP ke nan, shi ne izinin fitar da kuɗin. Tun kafin nan ma ya ja masa kunne kada ya kashe waya, kada ya kira yara, wai aikin zai lalace. Duk sanda sabon saƙo ya shigo, Baba ya karanto. 200,000, wata 200,000, sannan 240,000. 

Sanin BVN ɗinka ba shaida ba ce ko kaɗan. Fom ɗin tallafin bogi ya ishe su samunta, kuma duk wanda ya saci wayarka ya danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi, za ta fito masa.

Banki ba ya neman PIN ko OTP a waya. Ku kashe kiran, ku sa wa layin iyayenku PIN. Idan an riga an bayar, a toshe katin nan take, a tafi reshen banki da ƙafa a rubuta ƙorafi.