Wasiƙa daga Glasgow: a duba idon Auta kafin a sake sayen gilashi

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara kowa lafiya. Kin ce Auta na kukan ciwon kai duk ta zauna karatu, da yamma har rubutu na rabe mata biyu, kuma gilashin da kika saya mata a kasuwa bai yi komai ba. Ai ba zai yi ba, mai tire bai duba idonta ba, ya dai miƙa mata wanda ya ƙara girman rubutu.

A nan Scotland tun 2006 gwajin ido kyauta ne, hukumar lafiya ta NHS ke biya. Shagunan gilashi irin su Specsavers da Boots a bakin titi suke, amma wanda ke cikin ɗakin gwajin ƙwararre ne, kuma ba ya tsayawa kan karanta haruffa. Zai sa ki kafa ido kan wani abu mai nisan mita 6, sannan wani kusa da fuska, ya rufe ido ɗaya da ɗan faifai, ya janye, ya koma ɗayan. Akwai harara-garke da kowa ke gani, akwai kuma ɓoyayye: muddin idanu biyu na buɗe, ƙwaƙwalwa na tilasta musu kallon wuri ɗaya, amma da an rufe ɗaya sai ya sulale gefe, a janye faifan ya dawo da sauri. Wannan ɗan motsin suke fako. Akwai kuma wani jan gilashi mai layi-layi da ake kira sandar Maddox, yana mayar da ɗigon haske jan layi, sai a tambaye ki ko layin ya ratsa hasken ko ya kauce.

Yawancin mutane suna da ɗan kaɗan na ɓoyayyen harara-garken nan ba su ma sani ba. Sai tsokokin ido sun gaji da riƙon ake fara jin jiki. Wajen magani, wani a koya masa motsa ido da fensir, wani a sa masa gilashin da ke karkatar da haske.

Kar ki ɗauka komai na nan ya fi. Gwaji kyauta, amma firam da ruwan gilashi su za su tatse ki, kuma in aka tura mutum asibiti sai ya yi watanni yana jiran takarda. A gida in kika yi sammako asibitin ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, likitoci na nan, gilashin ma ya fi araha. Gwajin rufe idon nan ko wutar lantarki ba ya buƙata. Ki gaya musu ƙarara cewa gani biyun sai ta gaji yake zuwa, ki roƙa a duba ta nesa da kusa. In sun rubuta takarda ki turo mini hotonta, kuɗin gilashin ni zan aiko.