Zagayen tsoffin gine-ginen Waje: daga tashar jirgi zuwa Gidan Ɗan Hausa

Masu zagaya baƙi a Kano ba su cika wuce Gidan Makama da Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata ba, shi ya sa zagayen da wasu matasa suke shiryawa ranar Asabar a unguwannin Waje, wato na bayan ganuwar birni, ya cancanci a duba shi. Ana haɗuwa ne da hantsi a bakin tashar jirgin ƙasa, kuma wurin ya dace, domin layin dogon da ya iso Kano a 1911 shi ne ya bunƙasa cinikin gyaɗa, cinikin kuwa ya jawo kamfanonin Turawa da Kwarori (Larabawan Lebanon da Siriya) da ma'aikata daga Kudu, aka zaunar da su a bayan ganuwa: Turawa a Nassarawa, 'yan Kudu a Sabon Gari, Kwarori kuma a gefen Fagge, inda Kantin Kwari yake a yau.

Inda kuɗin mutum yake halatta shi ne Gidan Ɗan Hausa, wato mazaunin Hanns Vischer, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. A nan jagoran ya nuna ya san aikin magina, don bai tsaya ga labarin mai gidan kawai ba. Ya bayyana yadda ake jera tubali a ɗaure shi da ƙasa, da dalilin da ya sa ake rufi da azarar giginya wadda gara ba ta iya ci, da yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, yake ɗaukar nauyin soro ba tare da ginshiƙi a tsakiyar ɗaki ba. Ya kuma yi bayanin makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa a shafe bango don kada damina ta zaizaye shi, sannan ya nuna indararo da zankwaye. Duk wanda ya shigo daga zafin rana zai ji sanyin da kaurin bangon yake riƙewa, abin da bulo da kwano ba sa bayarwa.

Rabin zagayen na biyu kuwa bai gamsar ba. An bi ta Fagge da Sabon Gari a cikin mota ba tare da an sauka ba, alhali a nan ne ragowar tsoffin benaye masu baranda suke, kanti a ƙasa iyali a sama, kuma su ne ake rushewa ana gina filaza. Jagoran ma bai ambaci cewa Fagge zangon fatake ne tun kafin zuwan Turawa ba.

Farashin bai yi tsada ba, amma ba a ba da ruwan sha. Mai son zuwa ya sharɗanta musu tun wajen biya cewa za a sauka a taka da ƙafa a Fagge, kuma ya nemi izinin masu kantuna kafin ya ɗauki hoto.