Na gwada WD-40 kan gam ɗin sitika a gilashin shagona, ga yadda munka kwashe

Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon kayan waya nan Birnin Kebbi, ƙofar gilashi ce da taga babba wadda nake jera caja da iyafis a bayanta don mai wucewa ya gani, kuma tagar nan ita ce tallata gaba ɗaya. To tun lokacin zaɓen 2023 anka ɓata man ita, tsakanin na shugaban ƙasa ran 25 ga Fabrairu da na gwamna ran 18 ga Maris kusan kullum in na zo da safe sai in iske an liƙa sabuwar sitika, wanga ɗan takara kan wancan, ga ta masu maganin gargajiya da lambar waya, ba wanda ya taɓa neman izinina wallahi. Na ce bari a gama siyasa in cire su gaba ɗaya, kuma nan ne na yi kuskure, don tagar yamma take kallo kuma kun san ranar Maris da Afrilu garin ga, zafi ya wuce digiri 40, sai sitikun sunka gasu sunka zama kamar tare anka ƙera su da gilashin. In ka ja, saman ya ɓare gam ya zauna, ƙura ta bi ta manne shi ya yi baƙi ƙirin.

Na fara da ruwa da Omo, a banza. Sai na ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya na dirje gefe guda, gam bai fita ba amma gilashin ya karce, layi-layi siriri da in rana ta haska sai ka gan su. Abin ya yi man ciwo ƙwarai har yau, don Allah kada kowa ya gwada wannan.

Wani dattijo maƙwabcina mai gyaran janareto shi ya gan ni ina fama, ya ce, "Ɗana, bar wahal da kanka, gam ba ya jin ruwa, mai yake ji." Ya shiga ya fito da gwangwanin nan na WD-40 mai shuɗi da rawaya da jan murfi. Na ce, "Baba, ba wanga ne kuke fesa ma noti in ya yi tsatsa ba?" Ya ce shi ne, fesa ka ba shi lokaci. Gaskiyarshi kuwa, asali don tsatsa anka yi shi, a San Diego ta Amurka cikin 1953, W da D ɗin korar ruwa suke nufi a Turance, 40 kuma wai haɗi na arba'in da sunka gwada ne ya yi daidai. Abin da ya sa yake cin gam shi ne gam ɗin sitika ba irin sufa gulu ba ne mai bushewa ya yi tauri, shi danƙo ne da ke zama da laushi, ruwa zamewa yake a kanshi amma mai yana ratsa shi ya saki gilashin.

Na fesa kan wani tabo mai faɗin tafin hannu, na jira kamar minti 10, sannan na sa tsohon katin ATM na tura daga gefe. Wallahi gam ɗin da ya yi wata da watanni sai ga shi yana naɗewa gaban katin kamar dauɗar jiki in ana cuɗa, baƙi-baƙi yana faɗowa ƙasa, ƙarƙashinshi gilashi fes. Ranar na je na sayi nawa gwangwanin.

Amma fa ba duka sitika yake ci kai tsaye ba, nan ne na ɗan sha wuya kafin in gane. Ta takarda tana shan man har ya kai ga gam ɗin, wannan ba matsala. Mai roba-roba a sama kuwa ko ka juye gwangwanin duka ba ya shiga, zubewa kawai yake yi, sai ka fara ɓare robar tukuna, kuma ɓarewar ta fi sauƙi in gilashin ya yi ɗumi, ni bayan azahar nake yi lokacin da rana ta bugi tagar, wadda ke ciki inda rana ba ta kai sai na aro diraya wajen mai saloon na hura mata zafi kaɗan-kaɗan, in kama kusurwa in ja a hankali. Wurare biyu da sunka ƙi ji na sa reza sabuwa, amma sai da na jiƙa wurin kuma na kwantar da ita sosai ba a tsaye ba. Kada kuma a ce za a kwara tafasasshen ruwa kan gilashi mai sanyi da safiyar hunturu, yana iya tsagewa.

Abin da ban so ba gare shi, maiƙo. In ka gama cire gam aiki bai ƙare ba, sai ka bi da Morning Fresh da ruwan ɗumi ka wanke sau biyu ka goge da tsohuwar jarida, in ba haka ba iska na tasowa ƙura za ta zauna kan wurin ka dawo inda ka fito. Yana da wari kuma, duk da ni dai bai kai man na kananzir ba, kuma yana kama wuta, don haka na kashe janareto na buɗe ƙofa kafin in fesa, kuma na kwashe wayoyin mutane daga kusa. Masu mota ku kula, tintin gilashi leda ce da ake liƙawa ta ciki, gilashin baya kuma yana da siraran layukan nan na ɗumama shi, reza ko wani abu mai kaifi na taɓa su an yi ɓarna, wannan kam a kai ma masu aikin.

Batun kuɗi, ba shi da araha in ka kwatanta da kwalbar kananzir, wadda ita ma tana cire gam. In sitika guda ce ke damunka kan tagar ɗaki ko wadda ke zuwa jikin sabon madubi, ɗiga man gyaɗa ka bar shi ya jima ya isa, sai dai ya fi ɗaukar lokaci. Amma mai shago irina da sitika ta rufe mai rabin taga, ni ban yi da-na-sanin sayenshi ba ko kaɗan, yini biyu na gama ƙofa da taga kuma ko rabin gwangwanin ban ci ba, har kwaɗon shagon da ke cijewa na fesa mai ya saki. Sauran na nan ƙarƙashin kanta tare da katin, duk sitikar da na iske da safe yanzu kafin la'asar na cire ta.