Magazin ko makarantar fasaha? Amsa ga Hajiya kan yaronta mai son aikin tana

Assalamu alaikum, Hajiya. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce yaronki zai rubuta BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare ta Gana, bana, kuma ransa na kan injin tana, wato injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Kawunsa ya ce a miƙa shi ga wani masta a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota da sana'ar ƙarfe a Kumasi, ke kuma hankalinki ya fi kwanciya da makarantar fasaha, kina so a gaya miki wanne ya fi. Ni duka biyun na ratsa: shekara huɗu na yi a hannun masta a Magazin kafin na koma aji, yanzu kuma aikin tana da awo nake koyarwa a wata makarantar fasaha a nan Kumasi.

Bari in fara da ba Magazin haƙƙinsa, don kawun yaron ba maganar banza ya yi ba. Babu ajin da ke ba yaro hannu kamar yadda Magazin ke ba shi. Tun hantsi har magariba ƙarfen gaske ne a gabansa, na motar da ta mutu a hanya ko injin niƙan da mai shi ke tsaye a kansa yana jira. Shekarar farko dai shara ce, da wanke kayan inji, da aiken sayo wake da shinkafa. Amma yaro mai ido a nan yake tsintar abin da ba a rubuta ba. Da jin ƙarar yanka zai san bakin ƙarfen ya dakushe. Da ganin ɓarɓashi ya koma shuɗi zai san zafi ya yi yawa. Zai iya wasa bakin yanka da hannunsa, zai iya tsayawa da direban tirela su yi ciniki ba tare da an cuce shi ba. Ita kanta KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ta san darajar wurin: a 1980 ta buɗe cibiyarta ta ITTU a cikin Magazin don ta kai wa masu sana'a injuna da horo har inda suke, kuma irin wannan cibiya ce shirin gwamnati na GRATIS ya yaɗa zuwa sauran yankuna daga 1987.

To, ina aka rabu? A wurin awo aka rabu, kuma a nan nake so ki ɗan yi haƙuri da ni, don nan ne gaɓar maganar.

A yawancin shagunan Magazin, ga yadda aiki ke tafiya: mutum ya kawo tsohon ƙarfen da ya lalace, masta ya ɗauki faɗinsa, ya yanka sabo, ya gwada, in bai shiga ba ya ƙara ragewa, har ya zauna. Muddin abokin haɗin ƙarfen na kusa, wannan hanya tana fitar da mutum. Sai dai tsohon ƙarfe ya riga ya cinye, wanda ya kwafe shi ya kwafe har da cinyewar. Kuma ranar da aka miƙo maka takardar zane daga kamfani, aka ce guda ɗari ake so, a can birnin Tema za a haɗa su ba a gabanka ba, babu abin gwaji. Lamba ce kawai a hannunka.

Ga misali. Akwai boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a cikinsa, mai lamba 6205, ana yawan samunsa a ƙananan injuna, raminsa milimita 25. Sandar da za ta zauna a cikinsa, in mai zane ya rubuta k6, nufinsa kada ta gaza 25.002, kada kuma ta haura 25.015. Duk filin da aka ba ka ka yi kuskure a ciki 0.013 ne, silin gashin kai ya ninka shi kusan sau biyar. In ta gaza, boris zai riƙa wasa a kanta ya cinye ta; in ta haura, sai an sa guduma, a kashe boris ɗin tun bai fara aiki ba. Baniya, wato ma'aunin faɗin ƙarfe da muke yawan riƙewa, 0.02 take karantawa, ba ta ma ganin wannan tazara. Sai maikuromita, ma'aunin da ya fi ta ganin ƙanƙanin bambanci. Wani abin kuma, ƙarfe yana kumbura da zafi. Wannan sandar, in ta ɗauki zafin digiri 30 a kan inji, tana ƙaruwa da kusan 0.009. Ka auna ta da zafinta ka ce ta yi, ta huce ta faɗo ƙasa da iyaka. Shi ya sa duniya ta tsayar da digiri 20 a matsayin zafin da ake danganta awo da shi, mu kuma da ke cikin zafin Kumasi muke koya wa yara su bar aiki ya huce tare da ma'auninsa kafin su karanta.

Wannan darasi da ciwo na koye shi. Ina shekara ta huɗu wani kamfani ya ba mastana aikin sandunan injin gurzar rogo, da zane. Mutum ne mai hannu, har yau ban ga wanda ya fi shi iya fitar da fuskar ƙarfe sumul ba. Muka yi kwanaki a kai, aka ɗauka aka tafi. Bayan mako guda aka dawo da fiye da rabi, kowace da lambar da aka auna a jikinta. Asarar ƙarfe da ta wuta duk a wuyansa ta faɗa, kuma ba su sake kawo mana aiki ba. Na ga yadda dattijon nan ya zauna yana juya sandunan ɗaya bayan ɗaya, bai ga aibinsu ba, domin aibin ba na ido ba ne. Daga ranar na ƙudura komawa makaranta.

Kada dai in yi wa mutane kuɗin goro. Masu gyaran karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin injin mota, a Magazin da maikuromita suke kwana suke tashi, suna rage shi daidai da milimita 0.25 ko 0.50, kuma akwai mastocin da suka fi wasu malamai sanin awo. Amma samun irinsu sa'a ce, a makaranta kuwa manhaja ce ta tilasta a koyar.

Abin da muke yi da ɗalibi ke nan. Kafin ya taɓa inji sai ya karanta zane ya faɗi abin da kowace alama ke nufi. Sai ya lissafa gudun inji: ƙarfe mai laushi, faɗin milimita 50, da bakin yanka na gama-gari, wajen juyi 190 a minti ya kamata, ba yadda hannu ya faɗa kan liba ba. Sai ya goge maikuromita ya rufe ta ya tabbatar tana kan sifili, don ma'aunin da ya kauce duk abin da ya faɗa ƙarya ne. In ya gama guda ta farko ba ya wucewa ta biyu sai an auna an sa hannu. Daga nan kowace ta biyar ko ta goma ya auna ya rubuta a takarda. Yara kan yi ƙorafi da rubutun nan, har ranar da suka ga lambobin na hawa a hankali, 25.006, 25.009, 25.012, suka gane bakin yanka ne ke cinyewa, suka gyara tun kafin guda ɗaya ta lalace. Wannan shi ake kira kula da inganci: ka kama ɓarna tana hanya, ba ka zauna tsince ta bayan ta auku ba. Kuma shi ne tsanin hawa injunan CNC masu aiki da kwamfuta, domin su ba su san "ɗan ƙara kaɗan" ba, lambar da ka ba su ita za su yanka.

Akwai kuma maganar lafiyar jiki, wadda uwa ta fi kowa damuwa da ita. Injin tana ba ya sakin abin da ya kama. Jallabiya, hannun riga mai faɗi, zoben azurfa, safar hannu, duk ba a tsayawa da su a gabansa, kuma mabuɗin da ake ɗaure ƙarfe da shi ba a barinsa a jikin inji ko na ƙiftawar ido. A aji wannan doka ce da ake korar yaro waje a kanta. A shago kuwa ya danganta da halin masta, kuma na san mutanen kirki da yatsunsu ba su cika goma ba.

Yanzu laifinmu, mu 'yan makaranta. Na koyar a shekarar da ɗalibai goma ke layi a kan inji ɗaya, ƙarfen gwaji ya ƙare tun tsakiyar zango, wuta ta ɗauke a ranar da aka ware don aiki. Yaro na iya fita da takarda mai kyau alhali awannin da ya yi yana yanka da hannunsa ba su kai na ɗan Magazin a wata biyu ba. Irin wannan in ya je neman aiki aka ce ya wasa bakin yanka, sai ya tsaya kallo. Abin na ci mini rai, don ba laifin yaron ba ne.

Batun kuɗi ba shi da tsawo. Tun 2017 makarantun fasaha na gwamnati suna cikin tsarin karatu kyauta ga wanda aka tura ta BECE, shekara uku ne, sai dai kuɗin mota yana kanki. A Magazin za ki biya kuɗin shiga da na yaye, amma yaro kan fara samun na abinci da wuri, kuma ga gidan da ke cikin matsi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Takarda ita ce mai nisan tasiri. Wanda ya gama makarantar fasaha yana rubuta jarrabawar da ke ƙarƙashin hukumar CTVET mai kula da ilimin fasaha da sana'a, wadda aka kafa a 2020, kuma da ita zai iya neman babbar difloma ta HND a Kumasi Technical University, wadda muka fi sani da Poli kafin a mai da ita jami'a a 2016. Kamfanonin haƙar zinariya a Obuasi da Tarkwa, da masana'antun Tema, takarda suke fara tambaya kafin su ce ka taɓa inji. Ɗan Magazin ma ƙofa ba ta rufe masa ba, akwai jarrabawar ƙwarewa wadda aikin hannu ne ginshiƙinta, sai dai yaranmu na zango da yawa ba sa zuwa, don babu mai tura su.

Da ɗana ne, Hajiya, makaranta zan kai shi, sannan kowane hutu, da kowace Asabar in hali ya yi, yana shagon mastan da kawunsa ya samo. Dalilina shi ne hannu ana iya samunsa ko da an girma, amma zama a koyi lissafi da zane yana wuya ga wanda ya riga ya ɗanɗana kuɗin aljihunsa. Ni na san yadda na sha kafin na iya komawa kan benci. A takardar zaɓen makaranta ki nemi Mechanical Engineering Technology, kada a rikita miki da sashen gyaran mota, ba ɗaya ba ne. Kumasi Technical Institute na cikin wuraren da za ki duba, in kuma Ankara (Accra) ta fi muku sauƙi akwai makarantar fasaha ta ATTC a unguwar Kokomlemle.

In kuwa kin san a ranki yaron ya gaji da aji, lissafi na sa shi kuka, kada ki tilasta masa ya ɓata shekara uku. Ki kai shi Magazin, amma ki zaɓi mastan da ke da maikuromita a akwatinta kuma yake karɓar aikin zane. Ki saya wa yaron baniyarsa ta kansa da tabarau na kare ido, kuma tun ranar ƙulla yarjejeniya a faɗa a gaban shaidu cewa za a bar shi ya je ya yi jarrabawa.

Kafin ki cike takardar zaɓen, ki je makarantar da ƙafarki a ranar karatu. Kada ki tsaya a ofis, ki ce a kai ki ɗakin injuna. Ki duba ko akwai sabon ɓarɓashin ƙarfe a ƙarƙashinsu, ki tambayi inji nawa ke tashi da yara nawa ke kan kowane, ki ce wani ɗan aji uku ya nuna miki abin da ya yanka da takardar awonsa. Ki tafi da kawun nasa, shi zai bambance miki injin da ke aiki da wanda aka shafa wa fenti kawai. Allah ya yi wa yaron albarka.