Mako shida da mai horar da karnuka a Agege: yadda Duna ya koyi amsa kira

Albasa nake saukewa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, amma gidana yana Agege. Bayan ɓarayi sun haura mana katanga har sau biyu, na sayi ɗan kwikwiyo saboda gadi, baƙi wuluk, yara suka sa masa Duna. Ya kai wata biyar ya san sunansa sarai, amma in ka kira shi sai ya ɗago kai ya dube ka, ya ci gaba da sha'aninsa. Ranar da ya fice ta ƙofar gida ya nufi titi, saura ƙiris mai Keke Napep ya take shi, ranar na ce abin ya isa. Likitan dabbobin da ya yi masa allurar rigakafin ciwon hauka ne ya haɗa ni da wani Bayarabe mai horar da karnuka, muka yi da shi zai riƙa zuwa sau biyu a mako, har mako shida.

Ranar farko ko taɓa karen bai yi ba, ya ce in kira shi ya gani. Na ce "zo", na maimaita, na daka tsawa. Da ya lallaɓo daga baya sai na ɗaga masa sanda, kamar yadda na saba. Mutumin ya ce, "Alhaji, yanzun nan ka koya masa cewa zuwa wurinka duka ne." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai, domin wata biyu ke nan ina hukunta dabbar a kan abin da nake roƙonta ta yi.

Ya ce "zo" ta riga ta lalace a kunnen Duna, a nemi sabuwar kalma. Ya so a yi da Turanci, na ce uwargida da yara Hausa suke yi. Ya ce kare ba ruwansa da yare, sharaɗin kawai kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya. Muka tsaya a kan "taho".

Batun tukwicin da ake ba kare in ya amsa kira ne ya fi amfanata. Kilishi na kawo, ya hana. Ban da yajin da ke ciki, ya ce albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ko dafaffe, kuma in raba shi da buhunan da nake ajiyewa a gida. Wannan kaɗai ya biya kuɗina. Hanta muka koma saye a mayankar Oko-Oba, a dafa ba gishiri, a yanka kamar ƙwayar wake. Da karen ya iso a ba shi nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in aka yi jinkiri ba zai haɗa ladan da zuwan ba. Da mutumin ya lura ba na son yawun karen ya taɓa mini hannu, bai yi gardama ba, ya ce in riƙa jefa hantar a gindin ƙafata. Na ji daɗin wannan girmamawar.

A lungun gida muka fara, taku biyu tsakaninmu, minti biyar sau uku a rana kafin a ba shi abinci. Sai tsakar gida, sai fili da igiya mai tsawon mita 10 a ɗaure da ɗamarar ƙirji, ba a wuya ba. Kira sau ɗaya ne. In ya ƙi, ba a bin sa da gudu, don wasa zai ɗauka. Kai ne za ka juya ka ruga, sai ka gan shi a bayanka. Kuma sau da yawa a kira shi, a ba shi, a sake shi ya tafi, kada ya zama duk kira ɗauri ne.

Inda ban gamsu ba: sau uku mai horon yana makara saboda cunkoso, ya iso da tsakar rana, karen na haki ba ya koyon komai, kuma ya ƙirga ranakun. Ya kuma nuna mini kamar mako shida sun isa. Da Duna ya shiga wata bakwai sai taurin kai ya dawo, na kira mai horon hankalina a tashe, sai a lokacin ya ce haka karnuka suke in sun fara balaga, a koma igiya. Da tun farko ya faɗa.

Duk da haka zan tura masa ɗan'uwana, in dai zai tsaya da kansa a yi horon, ba ya bar wa maigadi ba. Yanzu Duna yana wata takwas. A cikin gida ko ƙaramar 'yata ta ce "taho" a guje yake zuwa. A waje kuwa, in ya hango akuya, har yau ba ya ji, saboda haka ban cire masa igiyar ba tukuna.