Ɓoyayyen abu da ɓoyayyen ƙarfi: ɗaya na tarawa, ɗaya na watsawa

Ɗan'uwanmu na Marwa ya tambaya ko ɓoyayyen abu da ɓoyayyen ƙarfi abu ɗaya ne aka yi wa suna biyu, kuma ta yaya ƙirga galaksi, wato garkunan taurari, zai nuna abin da ido ba ya gani.

Malam, suna kawai ya haɗa su.

Ɓoyayyen abu yana da nauyi, yana janyowa, amma ba ya haske. Ka taɓa bin hanyar Garwa da dare lokacin rani? In ka hangi wutar rugage ta taru wuri guda, ka san akwai ruwa a nan ko ba ka gan shi ba. Haka galaksi ke cunkushewa inda abin nan ya yi yawa. Tun 1933 masanin taurari Fritz Zwicky ya lura galaksin rukunin Coma suna gudun da ya isa ya tarwatsa su, da a ce nauyin taurarinsu kaɗai ke riƙe da su. Ɓoyayyen abu shi ne kusan kashi 27 cikin 100 na sararin samaniya, mu da duk abin da ake gani kashi 5 kacal.

Ɓoyayyen ƙarfi, mai kusan kashi 68, tura komai yake yi nesa da juna. Sai a 1998 aka gano faɗaɗar samaniya ƙara sauri take yi, aka ɗora wa wannan ƙarfi alhakin hakan. Shi ba ya taruwa ko'ina, don haka igiyar awo ake nema, irin ta auna gona, a auna faɗaɗar da ita. Akwai ta kuwa. A farkon zamani samaniya zafi ce curi guda, amo yana ratsa ta. Da ta huce bayan shekara 380,000, amon ya tsaya cak ya bar sawu: har yau galaksi sun ɗan fi yawan zama da tazarar tafiyar haske ta shekara kusan miliyan 500 tsakaninsu. Binciken Sloan, wani babban aikin zana taswirar galaksi, ya ga sawun a 2005: wannan tazarar ita ce igiyar awon. Hasken nesa tsohon labari yake kawowa, saboda haka in an auna igiyar kusa da nesa, sai a ga yadda faɗaɗar ta sauya.

A ganina hujjar ɓoyayyen abu ta fi zama da gindinta. Na biyun har yanzu ana ja-in-ja. Na'urar DESI da ke Arizona a Amurka, mai duban galaksi 5,000 a lokaci guda, ta nuna alama a 2025 cewa ƙarfin yana raguwa. Alama ce dai. Tauraron ɗan'adam na Turai, Euclid, da aka harba a 2023, yana can yana nasa awon.