Argungu, Sakkwato, Kano ko Kaduna: Ina Za Ka Kai Iyali Su Ga Fuskokin Mutanen Da?

Ɗiyar yayata ce ta jawo wannan magana. Ta dawo daga makaranta a Birnin Kebbi da aikin gida, wai malaminsu ya ce kowa ya zo da hoton wani babban mutum na tarihin ƙasarsu. Ta same ni a zaure ta ce, "Kawu, kai da ka cika yawo, ina ne aka aje hoton Kanta?" Na ce mata babu shi. Ta dube ni kamar na yi mata rowa, ta ce ai ta ga na Shehu a jikin kalanda a tasha. Na ce wannan ma mai zane ne ya zauna ya ƙago shi da kansa.

Wannan shi ne abu na farko da mai shirin kashe kuɗin mota don ganin hotunan magabata ya kamata ya sani. Kyamara ba ta zama abin yau da kullum a ƙasar Hausa ba sai da zuwan Turawa, wajejen 1903. Kanta, sarkin da ya kafa daular Kabi, ya yi zamaninsa a ƙarni na 16, Shehu Usmanu ya rasu a 1817, kuma kakanninmu ba su da al'adar zana fuskar mutum. A kirari suke ajiye mutum, da waƙa, da rubutun malamai. Don haka wuraren da za mu je iri biyu ne: akwai inda za ka ga fuska, akwai inda za ka ga sawu kawai, wato takobin mutum da gidansa da kushewarsa. Wanda bai rarrabe waɗannan biyun ba kafin ya bar gida, shi ne ke dawowa yana cewa an cuce shi.

Mafi kusa kuma mafi sauƙin kuɗi shi ne Argungu. Daga Birnin Kebbi tafiyar kilomita 50 da 'yan kai ce, ka fita bayan karin kumallo ka dawo ka yi la'asar a unguwarku, babu kuɗin masauki. Gidan Tarihi na Kanta shi ne wanda mutanen garin ke kira Gidan Nabame. Nan ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942 da aka koma sabuwar fada, sannan aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. An kasa shi sashe goma sha ɗaya. Abin da ya fi yawa a ciki kayan yaƙi ne: masu, takubba, kwari da baka, bindigogin gargajiya, layu da tambura. A nan kuma ake binne sarakunan masarautar, shi ya sa wurin yake da kwarjini irin wanda ba a samu a ginin gwamnati.

Na kai yarinyar nan da ƙannenta biyu. Ƙaramin ya tsaya gaban wani mashi ya ƙi motsawa, yana gwada tsawonsa da nasa. Dattijon da ke zagayawa da mu ya ce masa, "Yaro, wanga ba a ɗaukar shi da hannu guda sai an ƙoshi da tuwon shinkafa." Tun daga ranar yaron bai sake barin tuwo a kwano ba, uwarsa har yau tana yi wa dattijon addu'a. Ita kuwa ɗiyar yayata ta sake tambayar hoton Kanta, dattijon ya yi murmushi ya karanto mata kirarinsa. Ta rubuta a bayan littafinta.

Ta fuskar hotuna dai Argungu ba ta da yawa, iyakarta zamanin kyamara. Amma abin da ke kewaye da gidan yana biyan kuɗin mota. Ga fadar Sarkin Kabi, ga Matan Fada inda ake bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Shawarata a nan ta saɓa wa ta yawancin mutane: idan gidan tarihin kake so, kada ka je ranar biki. Ranar nan gari ya cika ya batse, masauki ya yi tsada, mai yi maka bayani kuma hankalinsa na wurin manyan baƙi. Ka je ranar da babu kowa, ka samu dattijo ya ba ka awa biyu cur. In kana da sauran lokaci a wata ranar, Gwandu ma ba ta da nisa, can Hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo yake.

Sakkwato kuwa ziyara ce kafin ta zama yawon buɗe ido. Tafiyar kusan kilomita 150 ce daga Birnin Kebbi, kuma hanyar ta Argungu take bi, saboda haka mai motar kansa yana iya jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya idan ya yi sammako. Hubbaren Shehu, Masallacin Shehu, Masallacin Bello da fadar Sarkin Musulmi duk suna cikin tsohon gari, kusa da juna. Wanda ke neman takardu da hotuna sai ya nufi Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, inda aka tara rubuce-rubucen daular da wasiƙu da kayan sarauta. Fuskokin da aka fi samu a Sakkwato na ƙarni na 20 ne, musamman zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Idan da tsofaffi a tafiyar, Inna ko Baba, kada ka wahalar da kanka da neman wani wuri, nan za su fi so. Ka riƙe canji don sadaka a ƙofar Hubbare, ka kuma ja wa yara kunne cewa ba wurin ɗaukar hoton kai da kai ba ne. Lokacin bazara kuma, wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ba sai an faɗa masa ya gama yawonsa kafin azahar ba.

Daga nan lissafi ya canza, domin Kano da Kaduna tafiyar yini ce daga Kabi, ga kwana aƙalla biyu, ga abinci, ga kuɗin zirga-zirga a cikin gari. Mutanen Gusau sun fi mu sauƙi a nan, tunda ta Funtuwa duka biyun suna kusa da su. Ko daga ina ka taso, halin da hanyoyinmu suke ciki ya sa tafiyar rana ce kawai, kuma a tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin a ɗaura kaya.

Kano ita ce ta fi ba ka abubuwa da yawa a ƙaramin fili. Gidan Makama yana daura da fadar sarki, kuma asalinsa tun ƙarni na 15 ne, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ginin kansa abin kallo ne, soraye na ƙasa da azara, da sanyi a ciki ko da rana ta take. Akwai tsofaffin hotunan birnin da na sarakunan da suka biyo bayan shigowar Turawa a 1903, ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Jerin sarakunan nan shi ne ya fi kama da abin da Turawa ke nufi da gidan hotunan fuska: ka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga Abbas zuwa Abdullahi Bayero zuwa Ado Bayero da ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014, kana ganin yadda naɗin rawani da alkyabba suka tsaya yadda suke, hoton kuma yana ƙara haske. Ka fito ka gangara Kasuwar Kurmi, ka leƙa marinar Ƙofar Mata, da yamma ka hau Dutsen Dala. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna ya fara makarantar boko a 1909. Aibin Kano ɗaya ne, kuma ba laifin garin ba ne: kuɗin da ka ware don tarihi a kasuwa zai ƙare. Wanda ya shiga Kantin Kwari da uwargida ya san abin da nake faɗa.

Amma idan fuska kake nema tsakani da Allah, fuskar mutanen da iyayenmu suka gani da idonsu, to Kaduna ce. Gidan Arewa, a kan titin Rabah, shi ne gidan da Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello ya zauna yana Firimiya, kuma nan aka kashe shi tare da matarsa Hafsatu a ranar 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar binciken tarihi, yanzu tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Zamanin Sardauna zamanin hoto ne, don haka bango cike yake: shi da ministocinsa, shi da sarakuna, shi da baƙin ƙasashen waje. Na tarar da wani tsoho a can ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya matsa dab da wani hoton taro har numfashinsa na taɓa gilashin. Ya nuna wani mutum a layin baya, wanda ba a ko rubuta sunansa ba, ya ce wa jikansa, "Ka ga wannan? Da shi muka yi makwabtaka a Unguwar Sarki." Babu takobi ko tambarin da zai sa mutum ya yi haka.

Ga Bakabe akwai wani ƙarin daɗi a Kaduna. A zamanin Jamhuriya ta Farko, Majalisar Sarakunan Arewa a ginin Lugard take zama, kuma Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga 1954 zuwa 1995, ya shugabance ta. Ka nuna wa yaro ginin ka ce masa sarkin garinsu ya zauna a kujerar gaba a nan, ka ga yadda zai miƙe wuya. Gidan tarihin ƙasa da ke titin Ali Akilu shi ma yana kusa, sai lambun Gamji a bakin kogi inda yara za su huta. Sai dai Gidan Arewa wurin manya ne da ɗalibai. Yaro ɗan shekara bakwai zai gaji da hotunan baƙi da fari cikin minti ashirin ya fara tambayar ina za a sayi tsire.

Wani abokina da ɗansa ke karatu a Ingila ya ce in sa Landan a lissafi. To, ga ta. Can ne ake da gidan da aka gina musamman don hotunan fuska, an kafa shi a 1856, yana dab da dandalin Trafalgar, an rufe shi don gyara a 2020 aka sake buɗewa a watan Yuni na 2023. Shiga babban ɓangarensa kyauta ne, babban gidan zane-zanen ƙasar yana manne da shi, fadar Buckingham kuma da ƙafa ake zuwa. Abin da ya fi jan hankalina game da shi zanen Ayuba Sulaiman Diallo ne, wani malami Bafulatani daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, wanda aka kama aka sayar a Amurka, daga baya ya samu 'yanci ya biyo ta Landan. A 1733 aka zana shi da rawani da farar riga, Alƙur'ani rataye a wuyansa. Hukumar gidajen tarihin Qatar ce ta saye zanen ta ba gidan aro. Kyautar shiga dai ba ta haɗa da biza da tikitin jirgi ba, saboda haka wannan zaɓi na wanda wata hidima ta riga ta kai shi ne.

Ko ina ka zaɓa a gida Najeriya, ka nemi wanda ya san wurin ya tabbatar maka da ranar buɗewa. Na taɓa kwasar yara zuwa wani gidan tarihi, ba zan kama suna ba, muka tarar mai makulli ya tafi ɗaurin aure. Da ya dawo babu wuta, da fitilar waya muka bi bango muna haska fuskokin sarakuna ɗaya bayan ɗaya kamar masu neman ɓarawo. Ranar Juma'a ma ka ɗauka rabin yini gare ka. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya, domin wasu ɗakunan an hana, wasu kuma kuɗin ɗaukar hoto daban yake da na shiga. Kuma ka ware na goro don mai yi muku bayani, ka ba shi da hannu biyu. Rabin abin da za ka ji a waɗannan wurare ba a rubuce yake a bango ba, a kansa yake.

Da ni za a bi, mai ƙananan yara da yini ɗaya ya tafi Argungu. Mai tsofaffi ya wuce Sakkwato. Mai kwana uku da iyali masu son kasuwa ya yi Kano, ɗalibi da mai son ganin fuskokin Jamhuriya ta Farko kuma ya yi Kaduna. Ita ɗiyar yayata, a ƙarshe hoton ƙofar Gidan Nabame ta kai makaranta, da kirarin Kanta a rubuce a ƙasansa. Malamin ya karɓa, ya ce ta tashi ta karanta wa aji. Yanzu ta matsa mini sai na kai ta Surame ta ga ganuwar da Kanta ya gina, ni kuma na ce ta bari sai damina ta wuce.